KWANON UWA

Da almuru, sa'ad da aka sauke tukunyar tuwo, ku tsaya ku dubi yadda uwargida take rabo. Kwanon maigida shi ne na fari, da malmala biyu, da tsokar nama in akwai. Sai na tsoho ko tsohuwar gidan. Sai akushin samari waɗanda suka dawo daga gona, sa'an nan na yara. In baƙo ya yi sallama, daga abin da ya rage za a gutsura masa. Bayan an sallami kowa, sai ta kankare ƙanzo, ta juye ragowar miya a kai, ta zauna a bakin murhu tana ci, autanta kuma yana sa hannu. In ka tambaye ta, sai ta ce, "Ai na ƙoshi, na ɗanɗana tun wajen tuƙi."

Ita ce ta ɗebo ruwa da asuba. Ita ta yi surfe, ta kai niƙa, ta yi rabin wuni a gona, ta ɗauko itace a hanyar dawowa. Cikinta kuwa wata shida ne. Watau mutum biyu ne suke raba wannan ƙanzo.

Babu wanda ya yi nufin mugunta a gidan nan. Maigida yana ƙaunar matarsa. Surukarta ma haka ta yi a zamaninta. Ita kanta uwargida ba za ta yarda ta ci ta ƙoshi alhali yaro yana kallonta ba. Amma jiki ba ya sanin kara. Abin da bai shiga baki ba, ba zai zama jini ba, ba zai zama nono ba. Tsofaffinmu sun riga sun faɗa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

JININ DA BA YA ISA

Sa'ad da mace ta ɗauki ciki, jinin jikinta yakan ƙaru da wajen rabin abin da take da shi a dā, domin ya isa ya ciyar da ita da ɗan da ke cikinta. Jini kuwa ba daga ruwa kaɗai ake yinsa ba. Yana bukatar sinadarin ƙarfe da wani abin da likitoci ke kira folik asid, dukansu daga abinci suke fitowa. In abincin bai kawo su ba, ɗan zai ɗebi nasa daga ajiyar uwar, ita kuwa a bar ta da jini tsararo.

Wannan ba abin da ke samun mace ɗaya cikin ƙauye ba ne. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa a cikin mata masu ciki 100, wajen 61 suna da ƙarancin jini. Ku ƙidaya masu ciki da ke zaune a bencin mata ran Lahadi. Cikin biyar, uku.

Alamun ba su da wuyar ganewa, sai dai mun saba da su har mun ɗauka halin ciki ne. Mace takan gaji da ɗan aiki kaɗan. In ta miƙe tsaye jiri ya ɗebe ta. In ta hau ɗan tudu da tulu a ka, sai haki, zuciya tana bugawa kamar ta yi gudu. Ja fatar idonta ta ƙasa ka duba. In tana da jini za ka ga ja, in babu sai ka ga fari fat. Haka tafin hannu da harshe. Waɗansu sukan kama kwaɗayin farar ƙasa ko ƙasar bango, ana yi musu dariya, ba a sani ba sau da yawa jiki ne yake kukan rashin sinadarin ƙarfe.

Ɓarayin jini guda biyu suna ƙara tsananta abin. Na fari zazzaɓin cizon sauro, wanda yake farfasa ƙwayoyin jini, ya kuma taru a mabiyiya ya tare wa ɗa abinci, har a haife shi ɗan mitsitsi. Ya fi kama mai cikin fari. Na biyu tsutsar ciki mai shan jini, wadda take shiga ta tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi a ƙasa mai laima. Dukansu kuwa da damina suka fi ƙarfi, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, aikin gona kuma ya kai wuya. Mace da cikinta ya tsufa a watan Yuli ko Agusta ita ce ya kamata gida duka ya sa wa ido.

Abin mamaki shi ne yawancin maganin yana bayan gida da bakin kasuwa. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, riɗi, daddawa, awarar waken soya. Zogale, alayyafo, rama, yakuwa, ganyen wake, ganyen kabewa. Busasshen kifi, ko da ƙananan nan ne da ake dakawa a miya. Hanta kaɗan sau ɗaya a mako. Ƙwai kuwa, kajin gidan na uwargida ne, ita ke ba su tsaki, amma sai a kai ƙwan kasuwa ko a dafa wa baƙo. Ƙwai ɗaya a rana ba ya sa ɗa ya yi girman da zai gagari haihuwa, ba ya kuma sa yaro ya tashi da sata. Waɗannan maganganu ne kawai. Lemo, gwaiba, mangwaro da garin kwalba da ta kuka suna taimakon jiki ya tsotsi ƙarfen da ke cikin wake da ganye. Shayi kuwa hana shi yake yi, don haka a bar tazara tsakanin shayi da cin abinci.

Akwai masu rage ci da gangan don tsoron kada ɗa ya yi ƙato. Ya 'yar'uwa, yunwa ba ta sauƙaƙa naƙuda. Ƙarfinki kawai take ragewa, a ranar da za ki fi bukatarsa.

RANAR AWO

Tsakanin 1976 da 1979, wani likitan mata ɗan Nijeriya, Farfesa Kelsey Harrison, tare da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, suka rubuta labarin kowace haihuwa da aka yi a wurinsu, har guda 22,774. Da aka buga sakamakon a 1985, abin da ya fito fili shi ne, matan da suka fi mutuwa, nesa ba kusa ba, su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su ranga-ranga. Sun kuma ga wani abin al'ajabi. 'Yan mata ƙanana masu cikin fari waɗanda aka ba su maganin zazzaɓi da ƙwayoyin ƙarin jini, da yawa a cikinsu suka ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Ashe jikinsu bai gama girma ba, abin gini kawai ya rasa.

A dā ana cewa mai ciki ta je awo sau huɗu. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi sau takwas, na farko kafin ciki ya wuce wata uku. A can za a gwada bugun jini, a duba fitsari, a duba yawan jini, a ji kwanciyar ɗa. Za a yi allurar rigakafin sandarewar wuya, wadda ke tsare uwa da jariri. Daga wata na huɗu za a riƙa ba da ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi guda uku a haɗiye a gaban ma'aikaciya, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Za a kuma ba da ƙwayoyin ƙarin jini, ja da 'yar ƙaramar rawaya, a sha kullum.

A kan waɗannan ƙwayoyi zan yi ɗan tsegumi. Na sha ganinsu a ƙulle cikin leda a ƙarƙashin katifa, ko cikin kwanon jere, wata da watanni ba a taɓa ba. Wata ta ce suna tayar mata da zuciya. Wata ta ga bayan gidanta ya yi baƙi ta tsorata. Baƙin ba kome ba ne, ragowar ƙarfen ne ke fita. Tashin zuciya kuwa yakan ragu in an sha bayan tuwon dare. Gidan sauro ma haka, ba don rufe lambun tumatir aka ba da shi ba.

Kunya ce babbar mai tare hanya, musamman ga mai cikin fari. Ba ta so a sani, ba ta iya faɗa wa surukarta, balle ta kwanta wani ya duba ta. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibiya.

DAREN NAƘUDA

Kowace uwa tana da labarin wannan dare, ba kuwa biyu da suke daidai. Yawancinsu sukan ƙare da guɗa. Amma babu ungozoma ko likita da zai iya faɗa tun da wuri wace ce za ta zubar da jini bayan ta sauka. Mace mai cikakken jini tana iya jure zubar da zai kashe wadda ta shiga naƙuda da jini rabi. Zubar jini mai yawa yana iya ɗauke rai cikin sa'a biyu. A asibiti akwai allurar da ake yi da zarar ɗa ya fito, wadda ke sa mahaifa ta tsuke, jinin ya tsaya. Saboda wannan allura kaɗai ma ya isa a haihu a hannun wanda aka koya wa aikin.

Don haka shiri na maigida ne tun ciki yana wata bakwai. A ajiye kuɗin mota dabam, kada a taɓa. A san mai motar da za a tasa ko da tsakar dare, a san ɗan'uwan da zai ba da jini in an bukata. In maigida zai yi tafiya, ya faɗa a gaban iyayensa cewa in abu ya taso a tafi da ita, kada a jira shi. Mata da yawa sun rasu suna jiran izini daga mutumin da da yana nan da shi zai fara gudu neman mota.

In an ga jini kafin haihuwa, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, ko jijjiga, ko faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, ko ɗa ya daina motsi, ba a kwana. In naƙuda ta kama da asuba har rana ta faɗi ba ta sauka ba, ba sauran jira. Doguwar naƙuda ce take matse mafitsara tsakanin kan ɗa da ƙashi har ta huje, mace ta kamu da yoyon fitsari. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, shi ma huda mafitsarar yake yi. Wadda wannan ya riga ya same ta kada a ɓoye ta a ɗaki. Ana ɗinkewa ta warke, a asibitin Jankwano a Jos, da Babbar Ruga a Katsina, da Danja kusa da Maradi, da waɗansu wurare.

KWANA ARBA'IN

Jego al'ada ce mai kyau, kada kowa ya rena ta. Kwana arba'in mace ba ta zuwa gona, ba ta daka, ba ta ɗaukar tulu. Uwarta ko gwaggonta ta zo ta zauna da ita. Ana yi mata farfesun kauri da gasasshen nama da yaji, ana dama mata kunu. A rayuwar mata da yawa wannan ne kaɗai lokacin da kwanonsu yake zama na fari. Waɗanda suka kafa wannan al'ada sun san abin da suke yi.

Amma akwai abu biyu a ciki da ya kamata mu sake dubawa, watau tafasasshen ruwan wanka da kunun kanwa.

A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka lura ana yawan kawo musu masu jego da kumburin ƙafafu da ciki, da haki, da tari in sun kwanta. Zuciyarsu ce ta gaza. Suka ƙiyasta abin yana samun wajen mace ɗaya cikin 100 da suka haihu a yankin, abin da ya fi na yawancin ƙasashen duniya ƙwarai. Da suka bi sawu, sai suka ga matan suna wanka da ruwa mai tsananin zafi safe da yamma, suna kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, suna shan kunu mai kanwa da yawa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Zafi kuma yana sa zuciya ta yi ta aiki ba hutu. Zuciyar da ta riga ta yi wata tara tana ɗaukar kayan mutum biyu, sai aka ƙara mata wani.

Binciken da likitocin zuciya suka yi daga baya, wanda aka jagoranta daga Kano aka buga a 2020, ya nuna labarin ya wuce kanwa da ruwan zafi. Matan da ciwon ya fi kamawa su ne ramammu, da waɗanda suka yi hawan jini lokacin ciki, da matalauta. Kun ga mun sake komowa kan kwanon nan.

To, me za a yi? Iya, ki yi wa 'yarki wanka, amma da ruwa mai ɗumi wanda za ki iya tsoma gwiwar hannunki ki bar ta a ciki. Ba a taɓa jin ruwa mai ɗumi ya sa mace ta ruɓe ba, amma ma'aikatan asibiti sun ga masu jego da yawa da ƙuna. Ki dama mata kunun gyaɗa, ko na tsamiya, ko na acha da madara. Waɗannan sun fi kunun kanwa kawo nono, gama abinci ne da ruwa da tsotson jariri ke kawo nono, ba kanwa ba. In kuwa kika ga ƙafafunta suna kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine, kada ki ce sanyi ne ya shige ta ki ƙara wuta. Ki kai ta asibiti ran nan. Haka in ta yi zazzaɓi, ko jinin biƙi ya yi wari.

Akwai kuma mai jegon da za ka ga ta yi shiru, tana kuka ba dalili, ba ta barci, ba ta sha'awar ɗan. Ba rashin godiya ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba. Ciwo ne da yakan bi haihuwa, yana da magani. A zauna da ita, kada a yi mata faɗa, in ya wuce mako biyu a gaya wa likita.

DAKASHI

Nonon fari mai kauri, rawaya-rawaya, wanda a wurare da yawa ake matsewa a zubar don wai ba shi da kyau, shi ne rigakafin farko na jariri. Makiyayi ya san ɗan maraƙin da bai sha dakashi ba da wuya ya yi ƙwari. Kaɗan ne yake fitowa, amma cikin jariri a ranar fari bai fi cokali ɗaya ko biyu yake ɗauka ba. A sa shi a nono cikin sa'a ta fari, a kan ƙirjin uwarsa. Tsotson nan kuma yana taimakon mahaifa ta tsuke.

Daga nan har wata shida, nono kaɗai. Ba ruwa, ba bauri, ba zuma. Nan ne gardama takan tashi tsakanin matan 'ya'ya da surukai, musamman da bazara. Kaka takan ce, "Wannan zafi, ku bar yaro da ƙishi? Ku ba mu ba ku ruwa ba ne kuka girma?" Tambayarta ta ƙauna ce, a amsa mata da ladabi. Cikin kashi goma na nono, kusan tara ruwa ne, mai tsabta kuwa, wanda ƙuda bai taɓa ba. Ruwan randa yana cika cikin jariri ya rage tsotso, sau da yawa kuma shi ke kawo zawo. Mai bukatar moɗa a kusa da ita uwar ce. A binciken nan na 2018, jarirai 29 ne kawai cikin 100 'yan ƙasa da wata shida suke shan nono zalla.

Mai shayarwa tana fitar da nono wajen kashi uku cikin huɗu na lita kowace rana. Bukatarta ta abinci ta fi ta lokacin da take da ciki. Amma da an yi arba'in, gwaggo ta koma gida, sai kwanon uwa ya koma ƙarshen layi, ga goyo a baya, ga fartanya a hannu.

YAYE

Da wata shida a fara ba yaro kunu, ana ci gaba da nono har shekara biyu. Koko tsararo cika ciki kawai yake yi. A yi garin da ya ƙunshi gero ko dawa awo uku, da soyayyen waken soya ko gyaɗa awo ɗaya, a dama da kauri yadda zai zauna a cokali, a ɗiga manja ko man gyaɗa. A ba shi da kwanonsa dabam, gama a akushin taro yayyensa sun fi shi saurin hannu. Yaron da gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa suka kumbura, ba maye ne ya kama shi ba, ba kuwa nonon mai ciki ne ya lalata shi ba. Tamowa ce, a kai shi asibiti. Uwa kuma tana bukatar hutun aƙalla shekara biyu kafin wani ciki, domin jininta ya komo. Wannan magana ce ta miji da mata tare, ma'aikatan awo kuma suna da shawara a kai.

ZUWA BARKA

Matan zumunta ba a bar su a baya ba wajen barka. Akan zo da sabulu, da hoda, da 'yan riguna, a yi waƙa, a yi addu'a, a ɗauki jariri ana yaba hancinsa. Duk kayan na jariri ne, shi kuwa bai san an yi ba.

Wannan karo, in za ku je, wata ta riƙo mudun wake, wata ƙwai shida, wata kwalbar man gyaɗa, wata ƙullin garin kunu. Ku sa a dafa tun kuna nan, ku zauna har ta cinye. Ku raba kwanaki a tsakaninku, wadda za ta ɗebo mata ruwa ran Talata, wadda za ta kai mata niƙa ran Jumma'a. Sa'an nan ku sake komawa bayan arba'in, sa'ad da baƙi suka ɗauke ƙafa.

Kai kuma maigida, yau da dare in an kawo maka kwanonka, kafin ka wanke hannu, ka tashi ka leƙa bakin murhu ka ga abin da ke cikin nata.